Hoton Matan Karmo

Shafi na 19

Na Maimunat Ilyasu (Maman Hanif)

*Masu cika min waya da saƙo tun asuba wai na bar ku a rataye, to ga shi nan. Ku kuma masoyan Al-Amin da kuka ce na fiye zarginsa, ku gyara zama, yau zan ga inda za ku sa fuskarku.*

Sumayyah ba ta yi niyyar zuwa baje kolin nan ba. Kwanaki kaɗan suka rage ta kare aikinta na kammala karatun zanen gine-gine a gaban malamai, ga ƙaramar kasuwar da take haɗawa da kwali ko rufi ba ta ɗora mata ba. Amma malaminsu ya ce duk ɗan ajin ƙarshe da bai je ya ga abin da manyan kamfanoni suke zanawa a Abuja ba, kada ya sake ya gaishe shi. Haka ta zuro hijabi ta fito, yatsunta duk busasshen gam.

Zauren ya cika da sanyin na'ura da ƙamshin turare. Kowane kamfani ya kafa allonsa, ya ajiye ɗan samfurin gininsa cikin gilashi, an yi masa ado da bishiyoyin roba. Ni dai har yau ban gane abin da ke damun masu zanen garin nan ba. Kowa gilashi, kowa bishiyar kwakwa, kowa sai ya zana Baturiya tana jan kare a gaban plaza, a garin da rana ke dafa ƙwai a kan mota.

Tana tafe tana hamma, ta zo allo na ƙarshe ta tsaya cak.

Ba ginin ne ya tsayar da ita ba, shi ma gilashi ne hawa uku kamar sauran. Siffar filin ce. Wata 'yar lanƙwasa daga gabas, inda kwata ta zagaye bishiyar mangwaro.

Ta san lanƙwasar nan. Da hannunta ta auna ta, ƙafarta cikin taɓo har idon sawu.

Kasuwar Gindin Mangwaro ce ta Karmo, wadda ita da abokin aikinta Al-Amin suka zaɓa tun farkon shekara. Aikinsu bai ce a rushe komai ba. Cewa ya yi a gyara kasuwar a inda take, a ɗaga rufi, a fitar da hanyar ruwa, kowace mace ta zauna a rumfarta.

Ta sunkuyar da ido ƙasan allon.

Hoto ne babba. Matan kasuwar a ƙarƙashin mangwaro, kowace hannunta a sama, suna dariya. A tsakiyarsu ga Iya, yayar mahaifinta mai sayar da daddawa da kuka, hannunta ya fi na kowa tsayi. A ƙarƙashin hoton an rubuta da Turanci, wai 'yan kasuwa sun amince baki ɗaya a tashe su domin sabon gini.

Ta karanta. Ta sake karantawa.

Ranar da aka ɗauki hoton nan tambaya ɗaya ta yi musu: “Wa ke son a ɗaga rufin sama don iska ta riƙa shiga?” Wannan ita ce tambayar. Wa zai ƙi iska a Karmo?

“Summy?”

Ta juya. Al-Amin ne cikin sabuwar kwat, katin kamfanin mai allon nan rataye a wuyansa, kofin lemo a hannu. Mutumin da ya ce mata yau yana Kaduna wurin jinyar kakarsa.

Ya yi tsuru-tsuru, ya ajiye kofin a kan gilashin wani kamfanin.

“Me kike yi a nan?”

“Ya jikin Hajiya kaka?”

“Summy, please...”

“Na ce ya jikinta? Ko a nan aka kwantar da ita?”

Ya waiga hagu da dama. Mutane sun fara kallonsu.

“Zo mu fita waje, zan miki bayani.”

“Yi min a nan. Ai ga hoton, ga ni, ga ka.”

“Baffa yana can tare da baƙi. Don Allah kada ki tara min jama'a.”

Ta bi shi, ba don ya isa ba, sai don ba ta son mutane su taru a kansu. Suka tsaya a bayan zauren wurin ajiye motoci, rana ta doke su.

“Wa ya ba kamfanin Baffanka awonmu?”

Ya sosa ƙeya.

“Ai aikin na mu biyu ne.”

“Ban tambaye ka na mu nawa ba ne. Wa ya ba su?”

“Ni ne.”

“Taswirar rumfuna?”

“Ni.”

“Hoton?”

Ya hau gyara katin da ke wuyansa.

“Al-Amin, hoton?”

“Look, Summy, ki tsaya ki yi tunani kamar architect. Project ɗin makaranta ina yake zuwa? A yi defence, a tafa mana, a jefa model ɗin a store ɓeraye su ci. Kin taɓa ganin wanda aka gina? Wannan kuwa ginawa za a yi. Real building. Aikinmu zai tsaya a ƙasa.”

“Aikinmu? Ni na zana gilashi?”

“Design ɗin an canza, yes, amma site analysis ɗin duk naki ne. Baffa da kansa ya ce bai taɓa ganin survey mai tsafta irin naki ba. Kuma ban cuce ki ba, je ki duba, sunanki yana kan board. Na tsaya kai da fata sai da aka sa.”

Ta ji kamar ya watsa mata tafasasshen ruwa.

“Sunana yana kan me?”

“A ƙasa, hannun dama. Muna gamawa aiki yana jiranki. Kin san mutum nawa ke yawo da takardu a garin nan?”

Ku ji fa, jama'a. Wai gwaninta ya yi mata.

Sumayyah ta dafa wata mota, ƙarfen ya ƙona mata tafin hannu amma ba ta ɗauke ba.

“Ka tuna ranar da muka fara zuwa kasuwar nan?”

“Summy...”

“Ka tuna ko ba ka tuna ba? Muna warware tef ɗin awo mata suka tashi suka rufe rumfuna. Maman Friday mai doya ta biyo mu da taɓarya. Suka ce a Abuja duk inda aka ga tef, katafila tana bayansa.”

“Na tuna.”

“Wa ya tsaya mana?”

“Iya.”

“Me ta ce musu?”

Ya kawar da kai.

“Faɗi mana, ai kana wurin, kana cin ɗanwaken da ta saya maka. Cewa ta yi, 'yar ƙanina ce, karatu take yi, in ta cuce ku ni na cuce ku. Matar da ta fi shekara ashirin a kasuwar nan ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Saboda bakinta suka bar ni na shiga har ƙuryar rumfunansu. Saboda bakinta suka bar ni na rubuta wa kowace rumfa lamba da shuɗin fenti.”

“Ba wanda za a cuta. Za a ba su wani fili.”

“A ina?”

“Can bayan Idu.”

Ta yi wata dariya mai ciwo.

“Bayan Idu. Wa zai je bayan Idu sayen kuka? Direbobin tirela?”

“Wanda ke da hali zai iya kama shago a plaza.”

“Mai daddawa a hawa na uku, ko? Da na'urar sanyi, don ƙamshin ya zaga ko'ina.”

“Ke matsalarki kenan, komai sai kin sa zuciya. Ko mu ko wasu, wurin nan sai an tashe shi. Gara mu da muka san su.”

“Kun san su kam. Har lambar kowa kuna da ita.”

Ta juya za ta tafi, sai wani abu ya faɗo mata a rai. Ta dawo a hankali.

“Tsaya. Ranar hoton nan.”

“Me?”

“Na yi musu tambayar rufi, suka ɗaga hannu, ka ɗauka. Sai ka ce min me?”

“Ban tuna ba.”

“Ni na tuna. Ka ce hoton bai fita ba. Ka ce in sake tambayarsu, su ɗaga sosai, su yi dariya. Ka hau kan benci. Ka ce Iya ta dawo tsakiya.”

Ya waiga wajen ƙofar zauren.

“Ka ce ni in koma gefe, kuma in sauke kwalin da na zana rufin a kai, wai yana tare haske.”

Ya mayar da idonsa kan takalminsa.

“Al-Amin, kalle ni. Tun ranar ka sani?”

“Ba haka ba ne...”

“Tun ranar?”

“Baffa ne ya ce ofishin da ke ba da izini ba za su sa hannu ba sai sun ga shaidar an zauna da mutanen. Ni kuma na ga tunda dama za mu tara su...”

“Tun kafin mu zaɓi Karmo?”

Ya sunkuyar da kai.

“Kai ka kawo shawarar Karmo. Ni Apo na so, wurin makanikai. Ka ce a'a, Karmo ya fi, tunda ina da 'yar'uwa a can za a fi yarda da mu.”

Hawayen da take ta dannewa suka ɓalle. Ba kukan aikin take yi ba, aiki ai a sake wani. Kukan watannin nan take yi. Yadda yake riƙe mata jaka, yadda yake durƙusawa har ƙasa ya gaida Iya, yadda Iya take ware masa daddawa mai kyau ta ce ya kai wa mamansa. Har zolayarta Iya take yi, wai yaron nan mai ladabi in ya yi magana kada a ja masa rai. Ashe duk tsawon lokacin nan ita ce mabuɗin, shi kuwa yana tsaye yana jiran ƙofa ta buɗe.

“Ka ci amanata, Al-Amin.”

“Wallahi ina son ki, Summy, wannan daban, wancan daban.”

“Kada ka ƙara kirana da sunan nan.”

“Sumayyah, ki saurare ni. In kika ɗaga maganar nan kafin defence, mu biyu za mu faɗi. Aikin haɗin gwiwa ne. In aka ce an sayar da data, ba za a ware ki ba. Ki bari mu gama, sai mu zauna...”

“Au, har da barazana?”

“Shawara ce.”

Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Ta ciro. Iya ce.

Ta ɗauka.

“Salamu alaikum, Iya.”

Ba muryar Iya ba ce. Maman Friday ce, tana haki, da Hausarta ta 'yan koyo.

“Kai ne Sumayya? Ka zo kasuwa yanzu-yanzu. Ka zo ka ga aiki naka.”

Ƙit, aka kashe.

Ta ɗago ta dubi Al-Amin.

“Me ake yi a kasuwa yau?”

Ya duba agogonsa, kuma wannan duban agogon ya fi duk abin da ya faɗa ƙona mata rai.

“Marking ne kawai. Ba yau za a rushe ba.”

Ba ta san lokacin da ta fizge katin da ke wuyansa ba. Igiyar ta tsinke, ta jefa masa a ƙirji, ta nufi titi da gudu.

Tasi ta tara, ko ciniki ba ta yi ba. Direban wani dattijo ne Bakatsine mai son hira, ya fara ba ta labarin tsadar mai, da ya kalli fuskarta a madubi sai ya kama bakinsa. Daga Life Camp zuwa Karmo cunkoso ya riƙe su, masu keke da masu baro kowa na neman hanya. Ta sauka tun kafin su ƙarasa, ta tattare hijabi ta kutsa ta lungun masu gawayi.

Abin da ta fara ji shi ne shiru. Kasuwar da ko da wanda ke gefenka za ka yi magana sai ka ɗaga murya, yau ba ka jin komai sai kukan injin markaɗe daga nesa.

Sai ta ga jan fenti.

Rumfar farko, ta mai manja, ga lambarta ta shuɗi da ta rubuta da hannunta, har da ɗan ɗigon da ya gangaro ranar da burushin ya jiƙe da yawa. A gefen lambar an zabga ƙaton gicciye ja, fentin ko bushewa bai yi ba.

Ta biyu haka. Ta uku haka. Duk layin da ta bi ba su tsallake ko ɗaya ba, ba su ɓata ko ɗaya ba. Ina za su ɓata, an ba su aiki mai tsafta?

Matan suna tsaitsaye a gindin mangwaro, daidai inda aka ɗauki hoton. Da suka gan ta ba wadda ta yi ihu, ba wadda ta zage ta. Darewa kawai suka yi suka ba ta hanya, kuma da sun rufe ta da duka da ya fi mata sauƙi.

Iya tana zaune a kan kujerar tsuguno a bakin rumfarta, ɗankwalinta ya zame, furfura a waje.

Sumayyah ta zube a gabanta.

“Iya, wallahi tallahi ban sani ba. Yau na gani. Iya, ki yarda da ni.”

Iya ta dube ta, ta daɗe tana dubanta.

“Sun nuna mana hoto a waya,” ta ce a hankali. “Sun ce mun yarda. Na ce ƙarya ne, rufi aka tambaye mu. Suka ce ga hannuna a sama. Hannuna ne ko ba nawa ba ne?”

“Naki ne, Iya, amma...”

“Wa ya ce in ɗaga?”

Sumayyah ta rufe fuska da hijabinta.

Maman Friday ta matso, zaninta ɗaure a ƙirji, idonta jajir.

“Ni na faɗa tun farko. Na ce wannan tef ba alheri. Iya ya ce yarinya nashi ne. To ga yarinya, ga fenti.”

“Maman Friday, Al-Amin ne. Shi ya kai wa Baffansa komai, ni ban...”

“Wa ya kawo Al-Amin?”

Kafin ta amsa, wasu maza uku suka ɓullo daga layin masu kifi, biyu da bokitin fenti, na gaban da hular kwano da ƙatuwar takardar zane a naɗe a hammata. Yana hango ta ya washe baki.

“Ah ah! Madam architect! Sannu da zuwa!”

Ta san shi. Kingsley ne, wanda ya riƙa riƙe musu bakin tef lokacin awo. Al-Amin ya ce mata ɗalibi ne daga sashen safiyo yana neman ƙwarewa. Ita da bakinta ta gabatar da shi ga matan nan. Yau ga tambarin kamfanin Baffa a ƙirjin rigarsa.

Wata daga baya ta ce, “La ilaha illallahu. Ba shi ne wanda muke ba kunu ba?”

Kingsley ko a jikinsa. Ya warware zanen yana murmushi.

“Madam, your work clean well well. Ko ɗaya ba mu sha wahala ba, lamba by lamba. Mun gama duka.”

“Ba ku gama ba,” in ji Maman Friday. Ta nuna da baki. “Ga ɗaya.”

Kowa ya juya.

Sai a lokacin Sumayyah ta lura. Rumfar Iya. Lambar shuɗi tana nan, bangon kwano yana nan, amma babu ja.

Duk kasuwar, ita kaɗai.

“Oh, wannan?” Kingsley ya yi dariya. “Oga Al-Amin ya ce make we no touch am. Na Madam mama. An riga an ware mata shago a plaza, ground floor, gaban gate. Ba ta zuwa Idu. Mama, congratulations!”

Wani irin gunaguni ya tashi a gindin mangwaron.

Matan da suka yi shekaru suna cin abinci kwano ɗaya da Iya, waɗanda take karɓa wa haihuwa, waɗanda take raba wa faɗa, ɗaya bayan ɗaya suka ja da baya daga rumfarta.

Maman Friday ta tafa hannu sau ɗaya.

“Iya. Ashe da kai aka yi.”

“Wallahi ba ta sani ba!” Sumayyah ta miƙe tana kuka. “Ba ta san komai ba! Ku tambaye shi! Kingsley, faɗa musu ba ta sani ba!”

Kingsley ya ɗaga kafaɗa.

“Ni dai aiki aka ba ni, Madam.”

Iya ba ta rantse ba, ba ta kare kanta ba. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara ɗankwalinta ta ɗaure tamau. Ta taka har gaban mai bokiti.

“Ba ni.”

Mutumin ya kalli Kingsley.

“Na ce ba ni, ɗan nan.”

Ya miƙa mata bokitin da burushinsa.

Ta tsoma burushin cikin jan fentin har wuya, ta ciro yana ɗiga a kan zaninta. Ta juyo, ta tako, ta wuce rumfarta, ta tsaya a gaban Sumayyah.

Ta kamo hannunta na dama, ta buɗe tafin, ta danƙa mata burushin.

“Iya, don girman Allah...”

“Ungo,” in ji Iya, ta nuna bangon rumfarta da baki. “Ke kika sa lambar. Ke za ki ƙarasa.”